Akwatin Wasa Daban, Akwatin Kallo Daban

A manyan kantunan kayan lantarki na Yamai da Maraɗi da Damagaram, akwatunan talabijin masu tsada sai daɗa yawa suke yi. Sunaye uku ne suka fi tashe: LG da Samsung na Koriya ta Kudu, da Sony na ƙasar Japan. Mai saye yakan tambayi wanda ya fi kyau, mai kanti kuma ya nuna masa wanda ya fi tsada. Alhali kuwa ma'aikacin da zai zuba albashin watanni a kan akwati guda, abin da ya kamata ya fara sani shi ne aikin da akwatin zai yi a gidansa. Dokin sukuwa daban, raƙumin fatake daban.

Dalili kuwa shi ne, fim da wasa ba bukatarsu ɗaya ba. Fim akan ɗauke shi da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma an gama shi tun kafin ya iso gida. Saboda haka akwati yana da sararin ɗan dakatawa ya gyara launi, ya share dishi-dishi, sannan ya nuna. Wasa kuwa a nan take yake gudana. Na'urorin PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, suna iya turo hotuna har 120 a daƙiƙa guda. In yaro ya danna maɓalli domin ɗan wasansa ya buga ƙwallo, duk jinkirin da akwati ya yi wajen yi wa hoto kwalliya, to, dama ce ta kuɓuce. Ke nan abin da ke ƙawata fim shi ne ke ɓata wasa.

Wajen wasa, LG ya daɗe da yin suna. Tun 2013 yake sayar da manyan akwatuna masu gilashin OLED, inda kowane ɗigo na hoto ke kunna kansa ya kashe kansa, har baƙi ya fito baƙi ƙirin. Samfuransa na jerin C da G suna da kafofi huɗu na HDMI 2.1, wato ƙofar da hoton 4K mai saurin 120 ke bi, kuma jinkirinsu bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba. Samsung ma bai bar masa fage ba: manyan samfuransa suna da waɗannan kafofi huɗu, ga kuma haske mai ƙarfi. Sai dai Samsung ya ƙi karɓar tsarin Dolby Vision, wanda da shi ake daidaita haske da launin finafinai da yawa na zamani. Ya tsaya a kan HDR10+. Mai PlayStation 5 bai yi asarar komai ba, tun da wasanninta ba su aiki da Dolby Vision. Mai son fim shi ne aka rage wa kaso.

Wajen kallo kuwa, masana da dama Sony suke sa wa gaba. Kamfanin ya sayi Columbia Pictures a 1989, kuma yana ƙera allunan da ƙwararru ke duba launin fim da su kafin a sake shi. Gwanintarsa ita ce ɗaukar hoto mai rauni ya fito da shi tsaf, fatar mutum ta zama fatar mutum, ba ja ba, ba toka-toka ba. Wannan batu yana da nauyi a ƙasar nan, domin galibin abin da iyali ke kallo, finafinan Kano da na Indiya da tashoshin tauraron ɗan'adam, bai kai matsayin 4K ba. Abin mamaki, Sony da ya ƙera PlayStation, yawancin manyan akwatunansa kafofi biyu kaɗai gare su masu wannan cikakken sauri, ɗaya ma daga ciki ita ce ake jona wa na'urar sauti.

Bayan suna, sai a dubi ɗaki. OLED duhu yake so. A ɗakin zama mai manyan tagogi, ko a rumfar tsakar gida, akwati mai fitilun Mini-LED ya fi jure hasken rana. Sannan OLED na da wani lahani: hoton da ya daɗe bai motsa ba, kamar tambarin tasha ko allon ƙidayar ƙwallaye, yana iya barin tabo a gilashi. Ɗan kasuwar da zai buɗe gidan wasa, inda samari za su buga ƙwallo tun hantsi har tsakar dare, in ya sayi OLED ya sayi rariya, ya kuwa san za ta zubar da ruwa.

Magidancin da gidansa ya haɗa masu wasa da masu kallo, LG ya fi kusa da raba masa gardama. Wanda fim ne kaɗai abin shaƙatawarsa bayan isha'i, kuɗinsa ba su ɓata ba wajen Sony. Mai ɗaki mai haske ya dubi Samsung. Amma kowannensu, kafin ya ƙirga kuɗi, ya tafi kanti da fim ɗin da ya saba kallo, ya sa a kunna masa, domin hoton talla da ake nunawa a kanti an shirya shi ne don ɗaukar ido. Ya nemi takardar garanti, ya kuma ware kuɗin na'urar daidaita wuta, tun da wutar da ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ba ta tambayar sunan kamfani.