Mai Sayen Doki Ya Fara Tanadin Harawa

'Yan'uwana ɗalibai, wata cuta ta shigo ɗakunan kwananmu, ta kuma bi yayyenmu da suka fara ɗaukar albashi har ofisoshinsu. Cutar ita ce sayen suna. Duk wanda ya ƙudura haɗa kwamfutar wasa, kalma ɗaya ce a bakinsa: katin hoto. Da shi yake kwana, da shi yake tashi, sauran kayan kuwa sai abin da ya rage a aljihu. Ni ba na cikin masu cewa wasan kwamfuta aikin banza ne, domin ni ma ina yi. Abin da nake yaƙi da shi shi ne wautar da ake tafkawa wajen zaɓen kaya.

Wani abokina ya tara kuɗin shekara biyu, ya haɗa da abin da mahaifinsa ya aiko na rajista, ya sayi kati mai tsada da fitilu masu launin bakan gizo. Da ya zo kan akwatin da ke rarraba wa injin wuta, sai ya ɗauki wani marar suna, mafi araha a shagon. Mako uku ya yi yana alfahari. Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, muka ji ƙauri, shi ke nan. Akwatin ya ƙone, ya tafi da babban allo da katin baki ɗaya. Tsalle ɗaya ya jefa shi rijiya, har yau bai fito ba.

To, mu duba lissafi, tun da mu 'yan jami'a ne. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 a kan dala 1,599 yana shan wat 450, kuma kamfanin da kansa ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 850. Magajinsa RTX 5090, wanda ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999, yana shan wat 575, ana neman masa akwati mai wat 1,000. Idan ka ƙara furosesa da fankoki da allon kallo, injin ya kusa kama dutsen guga wajen shan wuta. Haba jama'a! Wa ya taɓa jona dutsen guga awa biyar a ƙaramin janareto ya kwana lafiya?

A Afrilun 2024 an kai kuɗin lantarki na rukunin Band A naira 225 a kowane kilowat na awa guda. A wannan farashi, injin mai shan wat 800 idan ya yi awa biyar ya ci naira 900 a yini. A Oktoban wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ya zuba miliyoyi a kati bai tanadi sitabilaiza da inbata ko batirin ko-ta-kwana ba, ya sayi ingarman doki ne babu turke babu harawa.

Bayan wuta sai zafi. Duk wat ɗin da injin ya sha, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. Masu gwada waɗannan kaya a Amurka da Turai a ɗakuna masu sanyi suke gwajinsu. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato zafin bazara yakan wuce digiri 40. Idan furosesa ta yi zafi ainun sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace, ka ga ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe fanka. Saboda haka gida mai wadatattun kafofin iska da matatar ƙura ya fi gidan gilashi mai walƙiya amfani nesa ba kusa ba.

Sai allon kallo, wanda ake mantawa da shi kamar maraya. Allon da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai nuna maka 200 ba, ko da katinka ya fitar da su. Manyan katunan nan an yi su ne domin allon 4K, mai ɗigo fiye da miliyan 8, wato ninki huɗu na allon 1080 da yawancinmu ke da shi. Haɗa su da tsohon allo tamkar ɗaura wa jaki sirdin sarki ne.

Za a ce mini, ai mafi tsada shi ne mafi kyau, a saya sau ɗaya a huta. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A Nuwamban 2024 kamfanin AMD ya fitar da Ryzen 7 9800X3D a kan dala 479, mai cibiya 8 kacal, amma a yawancin wasanni ya sha gaban ɗan'uwansa 9950X mai cibiya 16 da ya fito a kan dala 649, saboda faɗin rumbun ajiyarsa na kusa. Haka kuma a 2024 aka tabbatar da matsalar wuce gona da iri ta ƙarfin lantarki a wasu manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da 14, har kamfanin ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Ashe tsada ba ta hana kuka.

Kirana shi ne mu juya jerin. A fara daga soket ɗin bango: wuta nawa nake samu, awa nawa? Sai akwatin wuta na kamfani sananne mai garanti, sai iska, sai allo, sannan a zaɓi furosesa da katin da suka yi daidai da su. Daidai ruwa daidai tsaki. Ya ɗan'uwa, kuɗin nan gumin iyaye ne ko albashin wata da watanni. Kafin ka miƙa shi a kanta, tambayi kanka: wasa nake son yi, ko so nake a ce na saya?