Kasuwar Tasjilat: Wa Ke Cin Amanar Wa?

Ban da kakar auduga da kakar dawa, akwai wata kaka a Sudan da ba ruwanta da damina, ana ce mata tasjilat. Lokaci ne da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ke rajistar sabbin 'yan wasa, su kuma soke sunayen waɗanda suka gaji da su. Kafin yaƙi ya tarwatsa Khartum, in wannan kaka ta zo jaridun wasanni sai su fi burodi kasuwa. Hilal da Merrikh, manyan giwayen Omdurman, kowace ta kafa abin da suke kira ɗakin rajista, inda attajiran ƙungiya ke zama da jakunkunan kuɗi. A ɗauke yaro a ɓoye shi a wani gida, a kashe masa waya, don kada abokiyar gaba ta kai gare shi kafin ya sa hannu. Mu kuwa a nan Makwar da Maiwurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, sai mu kafa kunne a rediyo muna tafi, kamar da mu za a raba ribar.

Rigimata a yau da masu tafin nan ce, kafin in zo kan masu jakar kuɗi. Akwai wata kalma da ba ta da wuyar fita daga bakinmu: maci amana. Ɗan wasa ya cire shuɗiyar riga ya sa ja, shi ke nan ya zama maci amana, har uwarsa sai ta sha zagi a dandali. Amma ranar da ƙungiya ta ja biro ta soke sunan wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a filinta, sai ka ji ana cewa ai gyara ne, ana share gida. Wai shin amanar nan hanya ɗaya take bi?

Ku tuna da Haisam Mustafa. Shekara 17 yana Hilal, ya daɗe yana ɗaure da ƙyallen kyaftin, shi ne kuma kyaftin na ƙasa. A ƙarshen 2012, bayan saɓani tsakaninsa da shugabancin ƙungiyar, aka soke sunansa. Magoya baya sun yi bore, gaskiya ne, amma borensu bai mayar da shi ba. Da ya tsallaka Merrikh, cikin waɗanda suka yi masa kuka jiya aka samu masu tsine masa. To ina ake so ya nufa? Ya zauna a gida yana cin tarihi? In har wannan zai faru da Haisam, wanda duk Sudan ta san lambar rigarsa, me kake tsammani ga yaron da aka ɗauko daga filin ƙura a bayan Sinja?

Ba na cewa 'yan wasa waliyyai ne. A 2020 an sha kallo da 'yan wasan Merrikh uku, Ramadan Ajab da Muhammad Rashid da Bakhit Khamis, waɗanda suka sa hannu da Hilal, sannan suka juya suka sabunta da Merrikh. Shari'a ta yi ta yawo daga wannan kwamiti zuwa wancan, har ta dangana da kotun wasanni ta duniya a birnin Lozan na Suwizalan. Sa hannu sau biyu laifi ne, ba na kare shi. Sai dai ka lura da abu ɗaya: an iya yin shari'ar ne domin akwai takarda. Akwai abin da alƙali zai ɗaga ya karanta. Dubban yaran da ke buga wasa a ƙananan rukunai na Madani da Sinnar da Damazin, in an cuce su, ko takardar da za su yi kuka da ita babu.

Bari in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, inda ruwa ke daskarewa ya zama fili. A Kanada da Amurka akwai wasan hokin ƙanƙara, ana sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, ana kora wani ɗan faifan roba da sanda. Babbar gasarsu ita ce NHL. Mu da muke gasuwa a ranar Jazira ba abin da ya haɗa mu da wasan, amma dokokinsu na cinikin 'yan wasa sun cancanci mu tsaya a kansu. Can ma ciniki ake, kuma ba tausayi. Ana iya musanya mutum da wata ƙungiya ba tare da an tambaye shi ba, sai fa in ya sa sharaɗin hana hakan a kwantiraginsa. A watan Agusta na 1988 ƙungiyar Edmonton ta sallama Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan, ga Los Angeles, a cinikin da ya haɗa da dala miliyan 15. Mutanen Kanada sun yi kamar ƙasa za ta tsage. Ba aljanna nake siffanta muku ba.

Bambancin yana wurin abin da ke bin ɗan wasa in an tura shi gaba. Kwantiraginsa na tafiya da shi, ranar biya ba ta canjawa. In ƙungiya na so ta mayar da gogaggen ɗan wasa ƙaramar gasa, dole ta fara shelanta sunansa na awa 24, duk ƙungiyar da ke so ta ɗauke shi, amma da albashinsa yadda yake, kuma wadda ta fi rauni a teburi ita ke da haƙƙin fara zaɓe. In kuwa ta gaji da shi gaba ɗaya tana so ta rabu da shi kafin wa'adi, ba biro kawai za ta ja ba. Za ta biya shi kashi biyu cikin uku na abin da ya rage masa, ko kashi ɗaya cikin uku in bai kai shekara 26 ba. Akwai mafi ƙarancin albashi da ba a sauka ƙasa da shi, akwai kuma iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, don kada masu kuɗi biyu su kwashe gwanayen ƙasa su jibge a benci. Wannan na ƙarshen da za a kawo shi Omdurman, da an ga suma.

Kada wani ya ce ai Turawa ne, Allah ya yi su da tsari. Masu ƙungiyoyin can ba su ba da ko ɗaya daga cikin wannan don kirki ba. A 1957 wani ɗan wasan Detroit mai suna Ted Lindsay ya tashi haɗa kan 'yan wasa su kafa ƙungiyar ƙwadago. Sakayyarsa ita ce aka tattara shi aka tura Chicago, wadda a lokacin take can ƙasan teburi, don ya zama izina ga na baya. Sai a 1967 ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Iyakar albashin nan kuwa, sai da aka yi asarar kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, ba a buga wasa ko ɗaya ba, kafin masu gida da 'yan wasa su daidaita. Kowane layi a takardarsu da rigima aka rubuta shi.

Abin haushin shi ne, ƙwallon ƙafa ma tana da nata dokokin, kuma Sudan ba baƙuwa ba ce a gidan. A Khartum aka kafa hukumar CAF a 1957, mu muka ɗauki kofin Afirka a 1970. Dokar FIFA ta ce kwantiragin ƙwararre ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai 18 ba kuwa ba ya wuce 3. Tun 2018 ta ƙara da cewa in an hana ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuta wa ƙungiya gargaɗi ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba yana da ikon kama gabansa, kuma laifin na wuyanta. Yara nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin wannan? Dillalin da ya zo ɗaukarsu ya sani sarai, shi ya sa ba ya faɗa.

Na san wani yaro a unguwarmu, ɗan wasan gaba, ƙafar hagu kamar an ɗaura mata ido. Wata ƙungiya a babban gari ta aiko, aka zauna a zauren mahaifinsa, aka sha shayi, aka ajiye kuɗin kafin alƙalami a gaban dattawa, aka yi fatiha. Takardar da ya sa wa hannu a can birni, bai karanta ba, ba a kuma ba shi kwafi ba. Bayan wata bakwai gwiwa ta tashi. Da tasjilat ta zagayo aka soke sunansa, a bakin wani abokinsa ya ji. Kuɗin asibiti mahaifinsa ya sayar da awaki ya biya. Yanzu yana tura baro a kasuwa, yana ɗingishi. Ɗan ƙwallo jarinsa jikinsa, kuma jikin nan ba ya sallama kafin ya tafi. Wanda ya manta, ya tuna Endurance Idahor, ɗan Najeriya da ya yanke jiki ya faɗi a fili yana buga wa Merrikh wasa da Amal Atbara a watan Maris na 2010, bai sake tashi ba, yana da shekara 25.

Ga kuma asarar da ƙauye ke yi bai sani ba. Dokar FIFA ta ce in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A 2008 Merrikh ta sayo Stephen Worgu daga Enyimba ta Aba, bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar zakarun Afirka, a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 2. Yi lissafi da kanka: kashi 5 na miliyan 2, dala dubu 100 ke nan. A ƙauye wannan fili ne da katanga da rijiya. Amma kuɗin ba ya bin labarin baka. Yana bin rajista ne, wato tarihin da hukuma ta rubuta cewa yaro kaza ya buga wa ƙungiya kaza daga shekara kaza. Mai horarwar da ya yi shekara shida yana saya wa yara ƙwallo daga aljihunsa, in ƙungiyarsa ba ta da rajista da hukumar yanki, a idon doka bai taɓa ganin yaron ba.

A nan ne maganar ta taɓa mu Hausawan Sudan fiye da kowa, domin mu da takarda tsohuwar rigima ce. Kakanninmu na Maiwurno sun iso bakin kogin nan ne bayan faɗan Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Wasu hanyar Makka ta ajiye su. Da guminsu aka gina madatsar Makwar da aka gama a 1925, da hannunsu aka tsinci audugar Jazira. Sai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce asali na wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar tun kafin ƙarshen 1897 ne. An sassauta dokar daga baya, amma ɗabi'ar ma'aikata ba ta bi ta ba. Har gobe akwai tagogin da in an ji Hausa a harshenka sai a ƙara maka shaidu. Yaron da ba shi da lambar ɗan ƙasa ba ya shiga rajistar hukumar ƙwallo. Alhali duk mun ga shekarun da manyan ƙungiyoyi ke samo wa baƙin 'yan wasa takardar zama ɗan ƙasa cikin ɗan lokaci, don kawai su buɗe gurbin ɗauko wani baƙon. Ba na jin haushin baƙin, neman abinci suka zo. Haushina na kan tsarin da ya fi saurin shaida wanda ya sauka daga jirgi jiya a kan wanda kakansa ya haƙa magudanar ruwan gonakin.

Nasan abin da wasu iyayenmu za su ce, domin na sha ji: mu mutanen amana ne, neman takarda alamar rashin yarda ce, kuma yaro bai kamata ya tsaya ciniki da manya ba. Baba, Allah ya ƙara girma, ban yarda ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. In rubutu rashin kunya ne, da ba a umarci muminai da shi ba. Kuma wannan kunyar ce ta zaunar da dubban mutanenmu a kambo shekara da shekaru, suna noma hawashar wani da alkawarin baki, in shekara ta yi kyau a gode wa mai gona, in ta ɓaci a ce lebura ne ya yi lalaci. Wanda ke cewa a bar takarda a riƙe amana, duba da kyau, yawanci shi ne wanda takardar za ta ɗaure.

Yanzu yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya zo ya ƙara dagula lissafi. Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su. Ofisoshi sun ƙone, mutane sun gudu da kayan jikinsu. Hilal da Merrikh sun samu mafaka, sun je sun buga gasar Muritaniya ta 2024 zuwa 2025, har Hilal ta ƙare a saman teburi. Madalla. Ɗan wasan rukuni na biyu fa, wanda albashinsa ya tsaya tun ranar da aka harba harsashin farko, wa ya tambayi inda yake?

Tunda dole a sake gina komai daga tushe, ina da buƙata, kuma ba ga Khartum nake miƙa ta ba, don na gaji da jiran Khartum. Ga masu ƙungiyoyin unguwa nake magana, daga Maiwurno har Rusairis. Ku yi wa ƙungiyoyinku rajista da hukumar yanki ko da karo-karo ne. Ku buɗe littafi ku rubuta sunan kowane yaro da ranar da ya fara, ku ɗauki hoton shafin a waya ku aika wa mutum uku a garuruwa daban-daban. Tsofaffin 'yan wasanmu da suka ga jiya, ku haɗu ku zama bakin ƙanana, ko da za a yi muku irin ta Lindsay. Uban da aka zo neman ɗansa kuwa, ya ba baƙi shayi, ya karɓi gaisuwa, amma kada yaro ya hau mota sai an kawo kwantiragin zaure, malamin makaranta ya karanta shi da ƙarfi a gaban shaidu, an nuna layin da ya ce wa zai biya asibiti in ƙafa ta karye, an kuma bar kwafi ɗaya a gidan.