SHARHI: Guguwar rana da abin da ya haɗa ta da rediyon mutumin Kwatarkwashi

A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024, duniya ta gamu da guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun bayan ta Oktoban 2003. A Amurka, manoma da dama sun dakatar da shuka saboda na'urar GPS ta taraktocinsu ta rikice. A watan Oktoban shekarar kuma, hukumomin NASA da NOAA suka sanar cewa rana ta kai ƙololuwar zagayenta na kimanin shekara 11, lokacin da irin wannan tashin ya fi yawa.

Labarin bai ja hankali a Nijeriya ba. Amma mazaunin gindin Dutsen Kwatarkwashi, wanda yake kama labaran safe ta gajeren zango, yana cikin waɗanda abin ya shafa ko da bai sani ba.

Tushen lamarin shi ne tsinkewa da sake haɗuwar layukan maganaɗisu. Sararin da ke kewaye da rana cike yake da filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki. Filasma tana jan layukan maganaɗisu tana murɗa su. Idan layuka biyu masu fuskantar saɓanin juna suka matsu wuri guda, sai su tsinke, kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa ta sabuwar hanya. Ƙarfin da ya taru a cikinsu sai ya kuɓuce lokaci ɗaya, kamar robar ɗanƙo da aka ja aka saki, ya koma zafi da haske da gudun ƙwayoyi.

Masana sun daɗe suna kokawa da saurin abin. Lissafin Peter Sweet da Eugene Parker na ƙarshen shekarun 1950 ya nuna haɗuwar tana tafiya a hankali, alhali tartsatsin rana cikin mintoci yake aukuwa. Harry Petschek ya kawo gyara a 1964, sannan a Maris 2015 NASA ta harba taurarin ɗan Adam huɗu na shirin MMS domin su auna wurin tsinkewar kai tsaye.

Sakamakon yana iso mana ta hanya biyu. Hasken tartsatsin yakan iso cikin kimanin minti takwas, ya dagula sashen sama da ke dawo da siginar gajeren zango, rediyo ya yi tsit a ɓangaren duniya da rana ke haskawa. Curin filasmar da rana ta watso kuwa yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Idan maganaɗisunsa ya fuskanci kudu, sai ya haɗu da na duniya, ƙofa ta buɗe, kamar yadda James Dungey ya bayyana a 1961. Hakan ne ya jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na awa tara a Maris 1989, ya kuma lalata taransifomomi a Afirka ta Kudu a 2003.

A nan akwai buƙatar adalci. Duhun da sassan Arewa da dama suka shiga a Oktoban 2024 ba laifin rana ba ne. Layin Shiroro zuwa Kaduna aka lalata. Haka katse layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumban 2021 matakin gwamnati ne kan matsalar tsaro. Matsalolin Gusau da Tsafe da Bunguɗu daga ƙasa suke.

Sai dai kowace irin wannan katsewa tana ƙara tura jama'a su dogara da sama: rediyo, GPS, da intanet na tauraron ɗan Adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Kamfanin da kansa ya yi asarar taurari 38 cikin 49 da ya harba a Fabrairun 2022, sanadiyyar wata guguwa da ba ta ma kai ta 2024 ƙarfi ba.

Ƙari a kan haka, layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu ya ratsa Nijeriya, kuma Zamfara ba ta da nisa da shi. A saman wannan layi, bayan faɗuwar rana, wasu gurabe kan ɓulla cikin filasmar sama su karkatar da siginar GPS, musamman a shekarun da rana ta tsananta. Jiragen sama da masu safiyo da jami'an tsaro duk da wannan sigina suke aiki.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a fagen. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna tun daga Ibadan wajen nazarin kwararar lantarki da ke bin wannan layi, kuma hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta Jihar Kogi. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa aunawa zuwa Arewa maso Yamma. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, wuri ne da ya dace a girke ma'aunin maganaɗisu da na siginar GPS, a horar da ɗalibai a kansu.

Ba wanda zai hana rana tashi. Amma gargaɗin kwana ɗaya ya ishi matuƙin jirgi ko injiniyan lantarki ya shirya, kuma sai an auna ake iya yin gargaɗi.