Ku Daina Ɗora Wa Haƙori Laifin Da Ba Nasa Ba

A ƙasar Hausa ban san wanda ake yi wa ƙage kamar haƙorin jariri ba. Yaro ya kwana uku yana zawo, maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, sai a ce haƙori ne. Jiki ya yi zafi rau har yana shiɗewa, nan ma haƙori ne. Uwa ta ɗauko mayafi za ta asibiti, uwar miji ta ce, "Ke 'yar nan, zauna! Mu da muka haifi goma, wane irin haƙori ne ba mu gani ba?" Maigida kuwa ya zaro 'yan canji ya ce a aika kemis, ya shuri takalmansa ya fice. Abin nan ya ishe ni.

Ba wanda ya ce tsiron haƙori ba shi da wahala. Wajen wata 6 yake farawa, galibi da biyun gaba na ƙasa, kuma kafin yaro ya shekara 3 guda 20 sun cika. Dasashi ya kumbura, yawu ya yi ta dalala, yaro ya yi ta rigima yana cizon duk abin da ya samu, har da nonon uwarsa. Jiki kan ɗan yi ɗumi. Iyakarsa ke nan. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi, da gudawa, da amai, ba aikin haƙori ba ne. Lokaci ne kawai ya haɗa su. A watannin nan ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwa take raguwa, an fara ɗura masa kunu, ga shi yana rarrafe a tsakar gida yana kai takalmi da kashin kaji baki. Sauro ma yana nan yana aikinsa.

Sai kuma kwalbar da ake kira maganin haƙori. Har mun manta da My Pikin? Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wannan ruwan magani da kamfanin Barewa ya haɗa a Legas ya kashe yara aƙalla 84. An same shi gauraye da gubar da ake sawa a man birkin mota. Ƙodar yaran ta tsaya, fitsari ya ɗauke, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka yi ta kai su. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Shekara bakwai, a kan rai 84!

Ko kwalbar ba ta da guba, me ke cikinta? Da yawansu farasitamol ne da sinadarin sa barci. Yaro ya yi luƙus, gida ya yi shiru, a ce magani ya karɓe shi, alhali zazzaɓin cizon sauro yana can yana shanye masa jini. Mai kemis ya san haka, ko kuma bai sani ba, wanda ya fi muni.

Abin da dasashi ke so ba na kuɗi ba ne. Uwa ta wanke hannu da sabulu ta murza wurin a hankali da yatsa. Ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya yi sanyi, ta ba shi ya tauna, ta riƙa goge yawun, ta ci gaba da ba shi nono. In rigimar ta yi yawa, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin farasitamol daidai nauyin yaron. Kada a goga masa zuma kafin ya shekara, igiyar da ake rataya masa a wuya kuma tana iya shaƙe shi yana barci.

Iyaye maza, da ku nake. Ranar da zawo ya fara, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, a nemo zinki. In jiki ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi, kai da kanka za ka ba mahaifiyarka haƙuri, ka ɗauki ɗanka da uwarsa zuwa asibiti a gwada jininsa a ranar.