Wa ya ce Hausa ba ta san ƙididdiga ba?

A wani taron malamai a Tasawa na ji ana cewa wai Faransanci na da "exact", "précis" da "juste", mu kuwa sai "daidai" kaɗai. Mai wannan magana ya zo kasuwar Hawandawaki ya kasa kunne. Tiya goma cif. Buhu ɗaya tak. Yaro ya ɗauko ubansa sak. Dillali ya yi bayani dalla-dalla. Kowace kalma da aikinta, ba ta shiga gonar wata.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Malamin da ya dunƙule waɗannan duka cikin "daidai" a gaban ɗalibai, shi ya talauta harshen. Ya ku malamai, mu koyar da su ɗaya bayan ɗaya.