Kifin Ado: Mu Fara da Na Gida

A hutun ƙarshen shekarar bara yayana da ke aiki a Kano ya zo mana Tudun Wada da tsarabar da ba mu taɓa ganin irinta ba, wato akwatin gilashi da 'yan kifaye goma cikin leda. Ko ɗayansu bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Jikinsu fari kamar azurfa, wutsiya da ratsin baƙi da fari, kai kuwa ja wur kamar an tsoma shi a manja. Masu sayarwa tetira suke ce musu, mu kuwa muka laƙaba musu Jan-hanci. Da Baba ya leƙa sai ya ce, "To, kifin da ba ya shiga tukunya, ina amfaninsa?"

Kafin a koma makaranta bakwai sun mutu a hannuna. Duk da haka ban yarda da masu cewa ajiye kifi a ɗaki wauta ce ko kwaikwayon Turawa ba. Abin da na ce shi ne, mun fara daga inda bai kamata ba.

Shi Jan-hanci asalinsa daga kogunan Amazon yake, a Amurka ta Kudu, musamman yankin Birazil da Kolombiya. Ruwan can mai ɗumi ne duk shekara, ga inuwar kurmi, ganyaye suna ruɓewa a ciki har ya koma kamar shayi. Saboda haka yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28, kuma ba ya zama shi kaɗai, sai cikin garke, aƙalla shida. Yanzu ku dubi garinmu. Cikin hunturu, a Disamba da Janairu, wa ke iya taɓa ruwan randa da asuba? Da bazara kuma ɗaki ya zama tanda. Akwai na'urar ɗumama ruwan, akwai ta tacewa, akwai famfon iska, amma dukkansu da wutar lantarki suke aiki. Ran da aka ɗauke wuta kwana biyu a jere, ran nan na tsame uku suna yawo ciki a sama.

Sauran huɗun kuwa laifina ne. Na riƙa zuba musu abinci safe, rana da dare, wai tausayi. Ashe ragowar abincin da kashinsu su ke zama guba a ruwan. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin matatar suna kashe kaifin wannan guba, amma sai sun yi makonni kafin su yawaita, mu kuwa ran da aka cika akwatin ran nan muka zuba kifi. Abin mamaki, kifin da kansa ya yi ta gaya mini. In ruwa ya ɓaci, jan hancin nan sai ya koɗe ya yi fari-fari. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma sai da na yi asara na gane karatun. Yanzu kowane mako nakan kwashe rubu'in ruwan in sake sabo, kuma ukun da suka rage suna nan.

Wannan ilmin shi ne amsata ga Baba, ko da yake ban iya faɗa masa a gabansa ba. Wanda ya koyi lura da ruwan akwati ɗaya, gobe zai iya kula da kududdufin kiwon tarwaɗa, kuma wannan sana'a ce da ake cin abinci da ita.

To amma 'yan'uwana ɗalibai, don me za mu koya da kifin da ya ƙetaro teku, mai tsada, mai saurin mutuwa? Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, masunta suna fitar da kifi kullum. Karfasa ta saba da sanyinmu da zafinmu. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ɗauke wuta bai dame ta ba, sai dai kada a haɗa ta da ƙananan kifi, don haɗiye su za ta yi. Ita kuwa kawara, masana sun ce dangin tetira ce, ga ƙyalli, ga tafiya cikin garke. A dai rufe akwatin, don gwanar tsalle ce.

Na san za a ce namu ba su kai Jan-hanci kyau ba, kuma suna girma su fi ƙarfin akwati. Gaskiya ne. Wanda ke da wuta ta hasken rana a gida, ya kuma ƙware, ya sayi Jan-hancinsa, ba laifi. Roƙona ga iyaye kawai, in yaro ya nuna sha'awa kada a kore shi da dariya, a kai shi wurin masunci.

Ni dai Kawu ya samo mini 'ya'yan karfasa huɗu daga Tiga, na sa su a tsohon baho a tsakar gida. Baba, da ya ce ba ruwansa, shi ne yanzu kan tsaya bayan sallar asuba yana tambayata yaushe za su isa miya.