Hawaye a cikin wasan mussa da kusu

Masu iya magana na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Da magidantan Madarunfa za su riƙa duban fuskokin ƴaƴansu a lokacin da suke kallon finafinan zane mai motsi, waɗanda masu jin Faransanci ke kira desan anime, maƙwabta na Najeriya kuma suke ce wa katun, da sun ga abin da ba su yi zato ba. Yaro yana cikin ƙyalƙyala dariya, sai a ga ya yi tsit, idanunsa sun ciko da ƙwalla, in an tambaye shi abin da ya same shi ya ce ba kome. Wannan shirun ne filin na wannan mako zai duba, domin kuwa akwai magana a cikinsa wadda ta shafi kowane uba da kowace uwa, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati.

Talabijin ta shigo Nijar ne ta ƙofar lakwal, lokacin da aka fara koyar da yara ta akwatin hoto a shekarar 1964, kafin a buɗe Télé-Sahel domin jama'a baki ɗaya a 1979. A wancan zamani akwati ɗaya kan tara unguwa guda, manya bisa kujeru, yara zaune a ƙasa, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke gani. Daga baya kaset na bidiyo ya zo, parabol ta biyo shi, yau kuma ga salula a kowane aljihu. A Madarunfa, mai tazarar kilomita 20 da ƴan kai daga Maraɗi, da dala kaɗan masu cajin waya ke zuba wa mutum finafinai fal a salularsa. Ɗan kasuwar da ya wuni a kasuwar Ɗan Isa ko ta Maraɗi, da ma'aikacin da ya taso daga biro a gajiye, da uwargidan da girki ya sha wa kai, duk hanya ɗaya suke bi in yaro ya dame su: a miƙa masa waya, ya koma lungu ya yi ta kallo shi kaɗai. Sun sakankance cewa babu kome a ciki sai dariya.

A cikin waɗannan finafinai da wuya a sami wanda ya kai Tom da Jerry farin jini. Tom muzuru ne, Jerry kuma kusu, suna tsere da juna tun 1940, shekarar da wasu Amurkawa biyu, William Hanna da Joseph Barbera, suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM. Daga 1940 zuwa 1958 mutanen nan biyu sun fitar da gajerun finafinai 114, kowanne na kimanin minti 7, kuma guda 7 daga ciki sun ci kyautar Oska. Dalilin karɓuwarsu a ƙasar Hausa a fili yake. Ba safai suke magana ba, saboda haka yaron da bai taɓa taka lakwal ba yana fahimtarsu daidai da ɗan lise. Sa'an nan labarin ba baƙo ba ne, ƙarami mai wayo ne ke kayar da babba mai ƙarfi, kamar yadda Gizo ke yi wa kura da zaki. Akwai kuma wata ƙa'ida da yaro ke ganewa tun kallon farko, wato ba a mutuwa. A danne Tom da ƙofa ya koma kamar faifai, a cinna masa wuta a wutsiya, a jefo shi daga bene, nan take zai miƙe ya kakkaɓe jiki ya ci gaba da gudu. Wannan amincin ne ke sa yaro ya saki jiki ya yi dariya.

To, amma masu zanen sun karya ƙa'idar nan a wasu wurare, kuma ta nan ne hawaye ke shigowa.

A wani kashi na 1955, ƙwan agwagwa ya gangaro daga sheƙa ya tsaya ƙarƙashin Tom yana barci, ya ƙyanƙyashe a nan. Ɗan tsakon ya buɗe ido ya ga muzuru, sai ya ɗauka uwarsa ce, ya maƙale masa. Tom kuwa nama ya gani, ya shiga hura wuta. Jerry ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har hoton agwagwa ya nuna wa ɗan tsakon a cikin littafi don ya gane uwarsa ta gaskiya, amma ya ƙi yarda, duk inda aka kai shi sai ya komo wa mai son cinye shi. Daga ƙarshe ya gane nufin Tom, amma maimakon ya gudu sai ya hau bisa tukunyar da ke tafasa, ya yi ban kwana, ya yi tsalle zai faɗa ciki don kada wadda ya ɗauka uwarsa ce ta rasa abin ci. Tom ya cafe shi a sama, ya rungume shi yana zubar da hawaye, fim ya ƙare ana ganinsu suna iyo tare.

A wani na 1949, wani babban akwatin kiɗa da ake kira piyano ya danne Tom, sai ga shi yana hawan matakala ta zinariya zuwa wata tasha a sama, inda matattun kyanwoyi ke jiran jirgi, mai tsaron ƙofa yana duba littafin kowa. Ana cikin layi sai ga wani jiƙaƙƙen buhu ya iso yana tsalle, aka ga ƴan kyanwa uku sun leƙo daga ciki. Ba a nuna yadda suka mutu ba, amma duk yaron da ya taɓa ganin an cusa mussa a buhu an tafi yar da ita bayan gari ya san abin da ya faru. Shi kuwa Tom an ce masa ba zai shiga jirgi ba sai kusun da ya daɗe yana zalunta ya sa hannu a takardar yafiya cikin awa ɗaya. A ƙarshe an gano mafarki ne, ya farka ya rungumi Jerry.

Na 1956 ya fi su nauyi. Tom ya so wata farar kyanwa, ya ƙarar da abin hannunsa kaf wajen sayen zobe da mota, wani baƙin muzuru mai dukiya ya zo ya kasa shi. Jerry ma ya ga tasa budurwar ta wuce a motar wani mai kuɗi. Fim ya ƙare su biyun suna zaune bisa layin dogo cikin baƙin ciki, ana jin kukan jirgi yana ƙaratowa. Babu wanda ya farka daga mafarki a wannan karo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo irin wannan a wasan yara? Amsar ita ce tun asali an yi gajerun finafinan nan ne domin gidajen silima na Amurka, ana nuna su kafin babban fim, a zauren da manya suka cika. Sai daga baya talabijin ta kwashe su ta mayar da su abin kallon yara. Mai zuba finafinai a salula kuwa ba ya tantancewa, jimla yake kwasowa kamar mai auna hatsi, tsaba da tsakuwa duk a tiya ɗaya.

Ba yau ne aka fara cakuɗa dariya da kuka a labarin yaran Hausawa ba. Tatsuniyar da ke ba da dariya da kwaɗayin Gizo da haƙurin Ƙoƙi, ita ce kuma ke kawo marainiyar da kishiyar uwa ke bautarwa, da ɗiyar bora da aka kora ta je wankin kirgi a ruwan Bagaja. Kakanni ba su ɓoye wa jikokinsu cewa akwai mutuwa da zalunci a duniya ba, da gangan suke sa su tausaya, domin sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai tsohuwar da ke ba da tatsuniya tana zaune ne a gaban yaran, ta san wanda uwarsa ta rasu bara, ta san wadda aka kawo riƙo, in ta ji numfashin ɗayansu ya sauya sai ta sassauta labari, ta jawo shi jikinta, ko ta saka waƙa. In ta gama ta rufe da ƙurungus kan kusu, kowa ya san an fito daga duniyar ƙarya, a je a kwanta. Salula ba ta san maraya ba, ba ta kuma rufe labari; wani kashi na ƙarewa wani ke farawa, yaro ya haɗiye abin da ya gani ya tafi shimfiɗa da shi.

Wannan magana ta fi ƙarfi a gundumar Madarunfa, saboda yaranta da yawa sun san rashi da idonsu. Tun daga 2019 dubban iyalai suka tsallako daga jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jahar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, kuma ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da Safo da Sarkin Yamma, musamman na kewayen dajin Baban Rafi, sun ɗanɗani satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa. A watan Nuwamba na 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ban da waɗannan, ga ƴaƴan ƴan ci-rani da kan yi shekara ba su ga ubansu ba, ga agola, ga wanda aure ya mutu aka raba shi da uwarsa tun bai gama wayo ba. In irin wannan yaro ya ga ɗan agwagwa yana bin wanda ba uwarsa ba yana neman ƙauna ana hararsa, kansa yake gani. Sau da yawa kuma a nan ne kaɗai yake samun damar yin kukan da bai yi ba ranar da abin ya faru, domin a ranar an ce masa ya yi shiru, manya na karɓar gaisuwa.

Iyaye kan yi kuskure iri biyu a nan. Wasu tsawa suke yi, su ce namiji ba ya kuka, ko su tara ƴan'uwa a yi wa yaro dariya wai yana kuka saboda zane. Wanda aka yi wa haka sau biyu ya koyi ɓoye zuciyarsa, kuma ranar da babbar damuwa ta same shi ba zai kawo ta gida ba. Wasu kuma ƙwace wayar suke yi su hana kallo gaba ɗaya, alhali yaron zai je zauren maƙwabta ya gani, inda babu mai kula da shi ko kaɗan.

Abin da ya fi shi ne a mayar da tsohuwar nan mazauninta, ko da da wata fuska ce. Minti 7 ba zai hana ɗan kasuwa lissafinsa ba, ba zai kuma hana ma'aikaci sauraren labaran duniya ba. Uba ya fara duba abin da aka zuba masa kafin ya miƙa waya, ya goge wanda bai dace ba. Kashin 1956 ba na ƙananan yara ba ne, balle ma a yankin da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya a 2021. Kada yaro ya tashi da tunanin cewa dogo wurin zaman mai baƙin ciki ne. Sauran kuwa a kalle su tare. In an ga ido ya ciko, a dakatar da fim, a tambayi yaro a hankali me ya ba shi tausayi, a saurare shi har ya gama, sa'an nan a gaya masa cewa tausayi halin mutumin kirki ne. Kashin ƴan kyanwa cikin buhu ƙofa ce ta yin magana kan haƙƙin dabba, takardar yafiya kuma ta yin magana kan neman gafarar wanda aka cuta tun ana raye. Malaman lakwal na ƙananan azuzuwa ma za su iya tambayar ɗalibansu abin da suka kalla jiya, za su ji abubuwan da ba a rubuta a rajista ba.

Akwai kuma aikin da ya rage wa hukuma da masu hannu da shuni. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma daɗe da zama a Tawa, yana cikin na farko da suka yi zane mai motsi a Afirka. A 1966 ya fitar da labarin Sim, kwaɗon da ya zama shugaban ƙasa ya tafi ziyarar aiki, daga baya kuma ya yi wani inda kwaɗi ke kokowa a fage. Da gidan talabijin na ƙasa da tashoshi masu zaman kansu za su farfaɗo da wannan gado, da attajiran Maraɗi za su zuba jari a hannun matasa masu zane da kwamfuta, abin faɗa ba zai yi wuya ba. Tabkin Madarunfa kaɗai, da masuntansa da tsuntsayensa da labarin waliyyai 99 da aka ce suna kwance a kewayensa, ya isa a yi kashi ɗari da Hausa, dariyarsa da kukansa duk irin waɗanda yaran gari suka sani.

Kafin wannan rana ta zo, nauyin yana wuyan mai gida da uwargida, su ne za su duba fuskar ɗansu in ya yi tsit. Allah ya raya zuri'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba yankin Madarunfa da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.